Kwalbar da na tuttular

Wata bakwai ke nan, amma har yau in na tuna da kwalbar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Satinmu biyu da tarewa a gidan da muka kama a jihar Mishigan aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Maigidan yana makaranta, yaran suna barci. Na leƙa, sai ga tsohuwar da ke zaune a ƙasanmu, kai fari fat, ta hawo matattakala tana haki, riƙe da kwalba mai wani abu ja wur a ciki. Turancina a lokacin na takarda ne, in suka buɗe baki rabi nake tsinta. Cikin doguwar maganarta kalma uku na kama: ceri (wani ƙaramin ɗan itace ja), koktel, da wata da ta shiga kunnena kamar "sharab". To ni na yi Islamiyya, na san shariba yashrabu, koktel kuwa ko a talabijin na san ba a ba yara. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi ta zuba godiya. Tana juya baya na buɗe na shinshina, wani tsami ya daki hancina har idona ya kawo ruwa. Na ce wa'iyazu billahi, daga zuwana. Na tuttular da shi tas a wurin wanke-wanke, na saki famfo, na wanke kwalbar da sabulu sau uku, na wanke hannuna.

Da na tsaya a nan da asirina ya rufu. Amma iyayi bai bar ni ba. Washegari da safe na ɗauki kwalbar tana ƙyalli na sauka na mayar mata, wai ni mai tarbiyya. Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ce har ya ƙare? Na ce ai ya yi daɗi sosai, na shanye. Ta ce duka? Na ce duka. Ta ce da me kika haɗa? Na ce haka nan na sha, a daren jiya.

Rabin lita ne fa. Abin da ake tsiyaya cokali biyu a kofi a cika da ruwa, wanda zai yi kofi goma sha biyar ko fi. Na ga idonta ya sauka a kan cikina, kamar mai neman inda ya huje. Sannan ta dafa ƙofa ta fara dariya, irin dariyar da ba sauti sai kafaɗu ke rawa. Ba ta ce mini maƙaryaciya ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Hannuna kawai ta kama ta ja ni cikin kicin ɗinta, ta buɗe firji, sai ga 'yan'uwan kwalbar nan sun yi layi, ja da ruwan ɗorawa da shunayya. Ta ɗauko wata roba ta ajiye a gabana, ta sa yatsa a kan hoton tuffa. Ruwan khal ne. Khal ɗin nan dai da na sani.

Ceri, sukari, khal. Abin da na tuttular ke nan, babu ko ɗigon giya. Kuma ceri ɗin ita ta je gona ta tsinko da hannunta a watan Yuli, ta zauna ta cire ƙwallayensa ɗaya bayan ɗaya da yatsunta da suka lanƙwashe saboda sanyin ƙashi. Wannan ne ya fi ci mini rai. Mishigan ce ke noma mafi yawan ceri mai tsami na Amurka, amma lokacinsa 'yan makonni ne, in ya wuce sai baɗi. Kwalba huɗu ta samu a bana, ta ba baƙuwa ɗaya, baƙuwa ta ba magudana.

Ta sa ƙanƙara a kofi, ta zuba cokali biyu, ta cika da ruwan soda, ta miƙo mini. Na yi bismillah na kurɓa. Zaƙi ya fara zuwa, tsami ya biyo shi a baya ya share shi, harshe ya koma fes kamar ba a sha komai ba, sai ƙamshin ceri a maƙogwaro. Na so in ce ya yi daɗi, sai na tuna na riga na ɓata wannan kalmar ɗazu a bakin ƙofa.

Daga baya maigidan ya bincika mini sunan, bayan ya gama tasa dariyar. Ashe kunnena bai yi ƙarya ba, "shirab" ɗin da suke cewa daga sharab na Larabci ya fito, tushensu ɗaya da kalmar sirop. Kuma a Ingila, a shekarun 1700, abin da ake kira da sunan nan ruwan lemo ne da sukari da giya. Na riƙe wannan gam, duk sanda aka tsokane ni sai in jawo shi: zargina yana da asali, shekara ɗari uku kawai na makara. Na khal ɗin shi ya zauna a gidajen manoman Amurka, lokacin da babu firji, 'ya'yan itace kuma su nuna gaba ɗaya su ruɓe gaba ɗaya. Tsami da sukari duka suna hana ƙwayoyin da ke ɓata abinci sakat, shi ya sa kayan rani ke kai mutum tsakiyar hunturu. Tsohuwa ta ce a wurin kakarta ta koya, wadda ta yi zamani da dokar hana giya ta 1920 zuwa 1933, ba ta kuma taɓa sha ba ko kafin dokar ko bayanta. Ɗanta in ya zo yana tsiyaya tasa giyar a kai, shi ne koktel. Namu ni da ita, marar giya, moktel suke ce masa. Ni dai ruwan ceri nake cewa, ko da na abarba ne.

Yinsa ba wuya, haƙuri yake ci. Awo ɗaya ne: kofi guda na 'ya'yan itace, kofi guda na sukari, kofi guda na khal, irin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da ake rubutawa a jikin roba. A yayyanka 'ya'yan itacen, a dagargaza su da sukarin a cikin kwalba mai faɗin baki, a rufe, a sa a firji kwana ɗaya ko biyu. Ranar farko da na yi, sai da na tashi cikin dare na je na duba. Ban zuba ruwa ko ɗigo ba, amma ga sitiroberi yana iyo a cikin jan ruwa mai kauri, sukari ya zuƙo duk abin da ke jikinsa ya bar shi a yamushe. Sai a tace, a matse, a kankare sukarin da ya kwanta a ƙasa a haɗa, a zuba khal, a girgiza. A ranar ba ya shawuwa, sai ya yi kamar sati a firji kaifin khal ɗin yake kwantawa. Akwai masu ɗora shi a wuta don sauri, na gwada sau ɗaya, ɗanɗanon ya koma na dafaffen abu, ban sake ba. Murfin ƙarfe kuma khal yana cinsa, na yi asarar kwalba guda kafin in gane, yanzu na roba nake sawa.

Cikin wata biyu na wuce malamata, ita da bakinta ta faɗa. Na yi na tuffa da kirfa a watan Oktoba, na yi na abarba da citta, na yi na inibi da kanumfari ƙwaya uku (biyar sun yi yawa, ya koma kamar maganin haƙori). Na jera su a bakin taga rana ta ratsa su, na ɗauki hoto, na tura a WhatsApp ɗinmu na gida. Tun zuwana ƙasar nan ban yi wani abu da hannuna da na ji ina son a gani ba sai ranar. Ba na aiki, ba na tuƙi, in aka buga wayar makarantar yara sai in miƙa wa babansu. Wannan kuwa nawa ne.

Ƙannen mijina suka yaba, Anti ta ce a turo mata awon. Sai ga saƙon murya daga Yaya Babba, minti huɗu. Ban taɓa jin ya yi mini maganar minti huɗu ba tun rasuwar Baba. Wai Auta, wata huɗu kacal har an fara jera kwalabe a taga? Wai shi ya san khal daga giya ake yinsa, wai haka ake farawa, yau ruwan ceri gobe wani abu, wai in ji tsoron Allah in tuna daga gidan da na fito. A gaban kowa, har da surukaina da ke cikin rukunin.

Na yi kuka a banɗaki don kada yara su gani. Abin haushin, da gaskiyarsa ta wani gefe: kowane khal sai ya bi ta wannan hanyar, har na tuffa. Yis ne ke fara mai da sukarin ya zama barasa, sannan wasu ƙwayoyin bakteriya su mai da barasar ta zama tsami, abin da ya sa maye ya tafi. Malamai sun yi magana a kai tun da daɗewa, sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka, saɓaninsu a kan wadda aka juya da gangan ne. Kuma a cikin Sahihu Muslim Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce madalla da khal a matsayin mahaɗi. Na rubuta duk wannan, na ƙara da cewa matarsa ma da khal take wanke latas, sannan na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Abin da na tura a ƙarshe shi ne: "To Yaya, na gode, Allah ya bar zumunci."

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba, ko maigidan. A satin nan, don haushi, na yanka abarba na zuba sukari na manta da ita a kan teburin kicin, kusa da na'urar ɗumama ɗaki, kwana biyar. Da na buɗe murfin sai ya yi tsit, kumfa na tasowa, ga wani wari da ban sani ba amma na gane. Ban zuba khal ba, ban sa a firji ba, yis ya samu sukari da ɗumi ya kama aikinsa. Na tsaya riƙe da ita ina jin muryar Yaya. Wannan karon da hujja na tuttular.

Umma ba ta ce komai a rukunin ba, ba ta iya rubutu a waya. Sai da ta kira, ƙarfe biyar na asuba a nan, sha ɗaya na safe a wurinsu, don har yau ba ta riƙe bambancin awa shidan nan ba. Na ɗauka faɗa za ta ɗora. Ta ce Auta, rabu da yayanki, tun da Babanku ya rasu yake ganin in bai yi tsawa ba gidan zai watse, shi ma bai san yadda ake yi ba ne. Sai na ba ta labarin kwalbar farko, tun daga ƙwanƙwasa ƙofa har "haka nan na sha". Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ji ana miƙa mata ruwa, ban san ko wa ke miƙawa ba. Da ni ce. Ni ke tuna mata maganin sukarinta da safe, ni ke ɓoye mata gwangwanin madara. Yanzu ga ni da firji cike da abin da ko cokali ɗaya likita ba zai bari ta sha ba, ina ba tsohuwar wasu.

Ta tambaye ni ko matar tana da mai kula da ita. Na ce ɗa ɗaya, yana wata jiha, sau biyu ko uku yake zuwa a shekara. Ta yi shiru. Ta ce to ki riƙa leƙa ta. Ban san da wa take ba, da tsohuwar ko da kanta, ban kuma tambaya ba.

Yanzu Fabrairu, dusar ƙanƙara ta rufe motoci har rabin taya, ba wani ɗan itace a gonaki. Tsohuwa ta ce na daskararru da ake sayarwa a leda ma suna yi, har sun fi saurin sakin ruwa, na gwada kuma haka ne. Nata na ceri saura kwalba ɗaya, ta ce ba za ta buɗe ba sai ranar da na ci jarrabawar tuƙi, saboda a watan Yuli ni zan kai mu gonar, idonta ya daina ganin titi sosai. Sau biyu ina faɗuwa. Yaya kuwa har yau bai sake yi mini magana ba, amma shekaranjiya matarsa ta turo saƙo a gefe, wai in an tace, sukarin da ya kwanta a ƙasa zubarwa ake yi ko haɗawa.