Saita koto a kan hirajoshi: abin da kunne ya koya mini

Koto, kayan kiɗan gargajiya na Japan, tsirkiya 13 gare shi, kowace da jakinta da ake matsarwa, wanda suke kira ji. Saitin da na fara da shi hirajoshi ne, wanda ake danganta shi da makaɗin koto Yatsuhashi Kengyo (1614–1685). Amo biyar ne kacal suke maimaita kansu: D, E♭, G, A, B♭.

Tsirkiya ta 1 na ɗora a kan D, na daidaita ta 5 da ita har suka zama murya ɗaya. Ta 2 na sauke ta zuwa G na ƙasa, ta 3 zuwa A. Daga ta 7 zuwa ta 13 babu wuya, domin kowace tana bin wadda ke tsirkiya biyar a bayanta, da amo iri ɗaya amma a sama: ta 7 ta bi ta 2, ta 8 ta bi ta 3, haka har ƙarshe.

Inda gizo ke saƙar shi ne ta 4 da ta 6, wato B♭ da E♭. Kowace rabin taki ce kawai (mafi ƙanƙantar tazara tsakanin amo biyu a piyano) a kan maƙwabciyarta, A da D, sannan sai tsalle mai faɗi na taki biyu zuwa amo na gaba. Wannan matsi da wannan tsalle su ne ruhin hirajoshi. Da na bi manhajar saita amo ta waya, sai ta ba ni rabin takin piyano, kiɗan ya fito daidai a lissafi amma lami. Masu koto suna ɗan sassauto da waɗannan biyun, su jingina da amon da ke ƙarƙashinsu. Na ja jakin ta 4 baya kaɗan, ina kaɗa ta 3 da ta 4 bi da bi, har na ji B♭ tana neman komawa kan A da kanta. A nan na tsaya.

Wajen matsar da jaki, ɗaga tsirkiyar da hannu ɗaya tukuna. In ka ja shi da nauyinta a kansa, zai iya kifewa ya karce katakon kiri da ake yin koto da shi, mai laushi ne ƙwarai. Kuma kuskure a ta 4 yana hawa zuwa ta 9, na ta 6 ya hau ta 11, don haka ban taɓa na sama ba sai da na gama da su.