Ranar da kibiyoyina suka watse a jikin bango

Talata, da dare.

Mako uku ke nan ina rubuta wata 'yar manhajar matse bidiyo, wato rage girman fayil ɗinsa, don kawai in fahimci abin daga tushe. Yau na iso wurin da na daɗe ina ɗoki, wato hasashen motsi, kuma ya cinye mini yinin gaba ɗaya.

Kafin in fara sai da na sake yin lissafin da ke ƙara mini ƙaimi. Bidiyo mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600 a kowane firam, wato hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. In ba a matse shi ba, firam ɗaya ya haura megabait 3, in kuwa firam 30 ne a daƙiƙa, ana maganar fiye da megabait 90 kowace daƙiƙa. Amma firam da wanda ke bi masa kamar an tsaga kara suke. Don haka ake yanka hoton murabba'i-murabba'i, ɗigo 16 a kowane gefe, a je firam na baya a nemo inda kowanne ya fito, a aika da kibiya mai cewa "ɗauko daga can", sannan a haɗa da ɗan bambancin da ya rage. Tun tsarin matse bidiyo na H.261 na 1988 a kan wannan ake, har yau ba a sauka ba.

Bidiyon gwajina na kyamara ne tana tafiya a hankali ta gefen wani farin bango mai taga ɗaya, mutum yana wucewa. Na sa manhajar ta duba ɗigo 16 ta kowace fuska, wurare 1,089 ke nan ga kowane murabba'i, ga murabba'an kuma 8,160 a firam guda. Kwamfutar ta ɗau zafi, fankarta na ta ƙugi. Umarnina ɗaya ne: duk wurin da ya fi kama, shi za ta zaɓa. A raina babu abin da zai fi wannan.

Da na zana kibiyoyin a kan hoton sai jikina ya yi sanyi. A kan tagar da mutumin sun jeru gwanin sha'awa. A jikin bangon kuwa kowace ta kama gabanta, wata sama, wata ƙasa, wata ma baya, alhali bangon gaba ɗayansa gefe guda yake tafiya. Na fi awa biyu ina neman kuskure a rubutuna, ban samu ba, domin babu shi. Bangon sumul yake, ko'ina ya yi kama da ko'ina, sai ya zama 'yan dishi-dishin da kyamara ke bari a hoto su ne ke yanke hukunci. Wuri mai nisa ya fi na kusa kama da ɗan abin da ido ba ya gani, manhajar ta bi shi.

Nan ne asarar take. Kibiya ita ma kaya ce, sai an biya mata kuɗin mota. A tsarin H.264, wanda ya fito a 2003, ba a aika ta ɗungurungum. Ana duba kibiyoyin maƙwabta uku, na hagu da na sama da na sama ta dama, a ɗauki matsakaiciyarsu a matsayin hasashe, a aika da tazarar da ke tsakanin hasashen da ainihin kibiyar kaɗai. In maƙwabta sun haɗa kai, tazarar sifili ce. In sun watse irin nawa, kowace sai ta ci bit masu yawa, wato ƙananan ƙwayoyin bayanai da ke cike fayil. Na tsimi kaɗan a hoto, na zubar da mai yawa wajen kwatance.

Gyaran bai kai layi goma ba. Na daina tambayar wane wuri ya fi kama, na koma tambayar wanne ya fi araha in an haɗa bambancin hoton da bit ɗin kibiyar, bayan an ninka bit ɗin da wani ma'auni da ake kira lamda. Da na sake kunnawa, kibiyoyin bangon suka kwanta gefe guda kamar ciyawar da iska ta bi ta kanta. Murabba'ai da dama ma ba su buƙaci komai ba sai alamar "tsallake", manhajar da ke buɗe bidiyon ta ƙarasa da hasashenta. Fayil ɗin ya ragu sosai, na kuma ƙura ido ban ga inda hoton ya lalace ba. Na daɗe ban ji daɗin aiki irin na wannan lokacin ba.

Da yamma na matse bidiyon da x264, sananniyar manhajar matse bidiyo a tsarin H.264, na sa ffmpeg, wata manhajar sarrafa bidiyo, ta zana mini kibiyoyin da x264 ya zaɓa. Tsaf suke. Shi x264 daga hasashen maƙwabta yake fara nema, ya riƙa taku cikin siffa mai kusurwa shida, ba ya bin wurare dubu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ya gama kafin tawa ta yi nisa.

Bidiyo na biyu, inda kyamara ke kusanto abu, ya nuna mini iyakata. Kibiyoyin sun buɗe daga tsakiya zuwa gefuna, babu wadda ta yi daidai da maƙwabciyarta, kuma wannan karon gaskiya suke faɗa, don motsin haka yake. Kibiya ɗaya ba ta iya bayyana abin da ke girma ko juyawa. Shi ya sa tsarin VVC na 2020 ya ba murabba'i damar ɗaukar kibiya biyu ko uku a kusurwoyinsa, a lissafo na cikin daga gare su, tsarin AV1 na 2018 ma yana da tasa dabarar lanƙwasa motsi. Wannan ya yi mini nisa tukuna.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga motsin rabin ɗigo, domin abu ba ya tafiya daidai ɗigo-ɗigo. Na riga na rubuta lambobi shida da H.264 ke ƙirƙiro ɗigon tsakiya da su a takardar da ke gabana: 1, -5, 20, 20, -5, 1, a raba da 32. Na bar kwamfutar tana gwada lamda iri biyar a kan bidiyon bangon, da safe zan duba.