Abin da ƙafar tsohuwar Mazda ta koya mini

Ranar Asabar na kwashe sifanonina daga garejin da na yi shekara tara a cikinsa. Ina cikin tattara akwati sai na ci karo da wata 'yar roba da ta dagargaje a ƙasan durowa. Robar nan ce da ke kan sandar shokozoba, wadda ke tare ƙafa idan ta nutse har ƙarshe. Na ciro ta ne daga bayan wata Mazda MX-5, kuma ko yau na riƙe ta sai gabana ya faɗi.

Motar irin ta farko ce, samfurin da ya fara fitowa a 1989, mai fitilun da ke ɗagowa. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, tayoyin baya ke tura ta, kuma kowace ƙafa tana da hannu biyu, sama da ƙasa. Duk wanda ya san ta ya san tazarar da shokozoban baya ke tafiya ba ta da yawa tun daga kamfani. Ni ma na sani. Na sani a ka, amma ban sa awo ba.

Mai motar cewa kawai ya yi ta fiye tangal-tangal a kwana. Oga ya ɗauko wani saitin sifirin da shokozoba mai zare, irin wanda ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta, wanda ya daɗe a kan kanta ba a saya ba, ya haɗa masa da sitabilaizar baya mai kauri, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage tangal-tangal. Na ce masa, "Oga, bushin ɗin nan sun haura shekara ashirin, duk sun tsage. A fara da su." Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Kai, ɗaura abin da na ba ka, ka sauke ta ƙasa ta yi kyau."

Na ɗaura. Na sauke ta wajen santimita 5. Na murɗa maɓallin shokozoban kusan ƙarshe, don a lokacin na ɗauka tauri shi ne riƙe hanya. Sannan na ɗaure notocin hannuwan tana rataye a sama, tayoyi na lilo, wanda ke nufin da zarar ta sauka robar bushin, wadda ke mahaɗar hannu da jikin mota, ta riga ta murɗe tun ba a tuƙa ba. Na gwada ta a kwalta mai santsi kamar madubi, na ji ta cak, na miƙa makulli ina jin daɗi.

Kwana goma sha ɗaya aka jawo ta da igiya. Mai motar ya shiga kwana mai gargada bayan an yi yayyafi, bayan motar ya kufce ba gargaɗi, ta juya ta daki shingen gefen titi. Allah ya kiyaye, ya fito da ƙafarsa, sai dai hannunsa na rawa lokacin da yake ba ni labari.

Da daddare, bayan kowa ya tafi, na shiga ƙarƙashinta da tocila. Tsakanin kan shokozoba da robar tarewa ko yatsana bai shiga ba. Ashe motar a kan robar take tafiya. Maɓallin da na murɗa shi ke hana ƙafa saurin dawowa bayan ta nutse, don haka kowane tudu sai ya ƙara danne ta kafin ta miƙe daga na baya. Da ta zauna a kan roba, sifirin ya tashi daga aiki, tayar ta koma tsalle maimakon bin ƙasa. Ga kuma sitabilaiza mai kauri tana ɗora nauyi a kan tayar baya ta waje. Abu uku na haɗa mata, kowanne yana ingiza baya ya zame.

Washegari Oga ya tsaya gaban mai motar ya nuna ni da baki. "Yallaɓai, yaron ne bai iya ba." Bai ambaci wanda ya zaɓi kayan ba, bai ambaci bushin ba. Na yi shiru, domin rabin laifin nawa ne kuma na san haka. Ɗaya rabin har na bar wurin ba wanda ya ɗauka. An zaftare mini albashi, na kuma gyara motar a lokacina na hutu.

A gyaran ne na koyi aikin. Na sauya bushin gaba ɗaya, na ɗaure su tana tsaye a kan tayoyinta. Na ɗaga ta sama, na mayar da sitabilaizar asali. Na ɗaura siririyar igiyar roba a sandar kowane shokozoba, na zaga hanya mafi muni da na sani, na dawo na duba inda ta tsaya, don ita ke faɗin iya nutsewar ƙafa. Maɓallin kuwa daga laushi na fara, ina ƙara ɗaya-ɗaya, ina rubutawa a littafi. Sai a ƙarshe aka yi alaimen, aka ɗan kwantar da kan tayoyin zuwa ciki kaɗan. Mai motar ya tuƙa ta ya dawo, ya ce daga yau ni kaɗai zan riƙa taɓa ta. Oga yana tsaye ya ji.

Sauran darussan gajeru ne. Duba tsatsa a inda ƙafa ke kama bodi kafin ka sayi komai. Kamfanonin shokozoba irin su Koni da Bilstein suna da saiti da aka auna wa irin waɗannan motoci, kuma shokozoba mai kyau a kan sifirin matsakaici ya fi mai maɓalli talatin da ba a san kansa ba. Tambayi mai mota inda yake tuƙi, domin filin tsere daban, titin yau da kullum daban. Kada ka sauya abu biyu lokaci guda. Tsohuwar taya tana ɓata duk wahalarka.

Yaran da na bari a garejin na damƙa musu littafin awon nan. Robar kuwa na jefa ta a aljihu na tafi da ita.