Lambar zinariyar Hamburg mai gicciye: yadda ake tantance ta ba tare da an ɓata ta ba

A birnin Hamburg na Jamus akwai wata tsohuwar lambar yabo ta zinariya da ake kira Portugaleser. Sunan kansa ya nuna asalinta. Wajen 1499 Sarki Manuwel na Ɗaya na Fotugal ya sa aka buga wani babban kuɗin zinariya mai nauyin kusan giram 35. A bayansa akwai gicciyen ƙungiyar mayaƙan Almasihu ta Fotugal, kewaye da rubutun Latin, IN HOC SIGNO VINCES, wato "da wannan alama za ka yi nasara". A zamanin nan Fotugal tana kwasar zinariya mai yawa daga gaɓar da ake kira Gana a yau, ta gidan kasuwancinta na Elmina da ta gina a 1482.

Kuɗin ya yi farin jini a kasuwannin arewacin Turai, har Hamburg ta fara buga nata a tsakiyar ƙarni na 16. Ta riƙe gicciyen, ta rubuta cewa an buga shi bisa nauyi da tsabtar zinariyar Fotugal, ta kuma sa tambarin birni, wato ganuwa mai hasumiya uku, ta tsakiyar da gicciye a kanta. Daga rabin ƙarshen ƙarni na 17 kuɗin ya bar hannun 'yan kasuwa ya koma lambar girmamawa. Bankin Hamburg, wanda aka kafa a 1619, ya riƙa buga nasa da hoton birnin da zane-zanen hikima, kuma har yau hukumomin birnin suna ba da sababbi ga baƙi da waɗanda suka yi wa gari hidima.

Ga inda ake asara. Mai riƙe da irin wannan lamba yakan kai ta wurin mai sayen zinariya, shi kuwa abin da ya saba shi ne ya goga a dutse ya ɗiga asid. Ga sarƙa ko awarwaro babu laifi. Ga lamba mai shekara ɗari uku, gogar nan ɗaya tana rage mata daraja fiye da kuɗin zinariyar da aka kankare, domin masu tara kayan tarihi fuskar suke saye. Duk gwajin da za a yi, a zaɓi wanda ba ya barin tabo.

A fara da sikeli mai auna har 0.01 na giram. Cikakkiyar lamba nauyin dukat goma ce, wato tsohon kuɗin zinariya na Turai, kowane dukat giram 3.49, jimla wajen 34.9. Akwai rabi mai kusan 17.4, da kwata mai kusan 8.7. Ragin 0.2 ko 0.3 saboda tsufa ba abin tsoro ba ne, amma in ya kai giram guda, ko dai an yanke baki ko ba ita ba ce. Sai a duba kauri. Zinariyar dukat kashi 986 ce cikin 1000, saboda haka ƴar kaɗan take cika awo: lamba mai faɗin milimita 50 ba ta kai milimita ɗaya a matsakaicin kauri ba. In ta cika nauyi amma ta yi kauri kamar biskit, akwai wani ƙarfe a ciki.

Gwajin ruwa shi ne wanda na fi amincewa da shi a gida. A ɗora kofin ruwa a sikeli, a mayar da shi sifili. A ɗaure lambar da siririn zare, a sauke ta cikin ruwa har ta nutse, kada ta taɓa gindi ko gefe. Abin da sikeli ya nuna shi ne girman jikinta. Ta gaskiya mai giram 34.9 za ta nuna wajen 1.82, in an raba nauyi da wannan a sami kusan 19.2. A wannan nauyin, azurfar da aka yi wa ruwan zinariya za ta nuna wajen 3.3 a sikeli, dalma 3.1, tagulla wajen 4. Abu biyu ke ɓata lissafin: kumfar iska da ke maƙalewa cikin haruffa, da rawar hannu. Kuskuren 0.05 kacal yana karkatar da sakamakon rabawar da wajen 0.5, don haka a rataye zaren a jikin sanda, a maimaita sau uku. Ƙarfen da ake kira tungusten yana iya wuce wannan gwaji, domin nauyinsa kusan ɗaya da na zinariya, kuma wannan aikin ƙwararre ne mai na'ura.

Zinariya ta gaske ma tana iya zama jabu, in an narka ta an zuba a kwaikwayon tsohuwa. Ta asali bugu aka yi mata, shi ya sa bakin haruffa da hannuwan gicciyen suke da kaifi. Ta zubi takan fito da laushin zane, da ƙananan ramuka kamar na allura, wani lokaci da siririn layi a gefe inda ɓari biyu suka haɗu. Gilashi mai ƙara girma sau goma ya isa a gani.

Da gilashin nan a duba saman lambar, daidai inda ƙarfe goma sha biyu yake a fuskar agogo. Da yawa an taɓa yi musu kunne don ratayawa a wuya, daga baya aka cire. Wurin yakan nuna launin walda daban, ko alamar zarto, ko ɗigogin gefe da suka shafe. Lambar tana nan ta gaskiya, sai dai farashinta ya sauka, kuma mai gwanjo na kirki yakan rubuta hakan a bayaninta.

Maganar wanki kuwa, a bar ta yadda take ya fi. Man goge baki, toka, da maganin sheƙi duk suna barin ƙananan layuka da ba sa gyaruwa, domin wannan zinariya taushi gare ta. In datti ya yi yawa, a jiƙa ta cikin ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye da tataccen ruwa, a danna ƙyalle mai laushi a kai ba tare da murzawa ba. A riƙe ta ta gefe, a ajiye ta ita kaɗai a kwalinta, nesa da leda mai laushi ta PVC wadda ke zubo da danƙo. In akwatinta na asali ko takardar da ta zo tare da ita suna nan, a haɗa su wuri ɗaya, domin su ne ke nuna wanda aka karrama da kuma dalili.