Na ajiye aikin tawagar masu hawa dutse da mota, ga abin da na kwaso

Jiya na miƙa makullin Hilux ɗin kayan aiki, shekara huɗu ke nan ina bin tawagar nan a matsayin bakanike kuma mai nuna hanya. Waɗanda muka sha hawa bayan duwatsun Shere tare, ko muka gangara wajen Riyom da Assop, sun san ni, ba sai na tsaya bayanin aikina ba. Da yawa sun kira suna tambaya me ya faru, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Maganar dai ta ranar Asabar ɗin nan ce ta watan Agustan bara. Mota tara muka fita, ruwa ya kwana yana zuba, jar ƙasar da ke tsakanin duwatsu ta zama kamar kunu. Wajen la'asar sakaliya wani baƙo da ya zo daga Abuja da Prado ya hau kan dutse da cikin motar, maimakon ya ɗora taya a kan dutsen kamar yadda nake nuna masa da hannu sai ya saka shi tsakanin tayoyi, motar ta zauna daram, tayar baya ɗaya tana juyawa a taɓo ɗaya tana lilo a iska. Wannan ba wani abu ba ne, mun fitar da irinta ta fi a ƙirga. A ɗaga da jak, a cusa duwatsu ƙarƙashin taya, a ja a hankali, shi ke nan.

Amma hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, kuma shugaban tafiyar ya ƙagu. Ya dawo da Land Cruiser ɗinsa da baya ya ce in ɗaura igiya. Igiyar nan mai talewa ce, ta nailan, in mota ta fizge ta tana ƙara tsawo kamar kashi 20 cikin 100 sannan ta dawo da ƙarfi, da wannan ƙarfin take tumɓuke motar da ta maƙale. Ƙarfen da ake zurawa a bayan mota a ɗaura irin wannan igiya da shakul, wato zoben ƙarfe mai noti da ake haɗa igiya da mota, yana cikin Hilux ɗina, ita kuma tana can ƙarshen layi, tafiyar kamar minti goma a ƙafa saboda hanyar ba ta wuce mota ɗaya. Na ce Yallaɓai bari in aika yaro ya ɗauko. Ya ce ba lokaci, rataya a ƙwallon jan tirela kawai. Na ce ranka ya daɗe wannan ƙwallon ba don fizga aka yi shi ba, karyewa yake. Sai ya ɗaga murya a gaban baƙi, wai shi ya fara hawa dutse tun ina goye, in yi abin da aka sa ni.

Na rataya. Da hannuna na rataya, wannan shi ne abin da har yau yake hana ni barci, domin na sani sarai. Na san ƙwallon nan mai kaurin milimita 50 a kan wuya ɗaya yake tsaye, an yi shi ne don jan tirela a kwalta sannu a hankali, kuma na san a Ostireliya inda wannan harka ta yi ƙarfi an sha rasa rai ta wannan hanyar. Ko bargo ban jefa a tsakiyar igiyar ba don ya kashe mata gudu in ta tsinke, ban kuma kori mutane nesa ba, duk don raina ya ɓaci ina so a gama a wuce wurin.

Shugaban tafiyar ya ja baya ya ba igiyar sako-sako, ya taka totur. Ƙarar da na ji kamar an harba bindiga. Ƙwallon ya guntule daga wuya, igiyar ta wurgo shi baya, ya daki murfin injin Prado ya karkace ya samu yarona a kafaɗa, ƙarshen igiyar kuma ya tarwatsa gilashin gaba. Yaron nan ɗan yayata ne, shekararsa 17, ita ta kawo min shi gareji da kanta ta ce ga amana. Na tarar da shi zaune a taɓo ya riƙe hannu, bai ma yi kuka ba, cewa kawai yake Kawu hannuna ba ya motsi. Da abin ya hau sama da taƙi ɗaya da kai ya samu. Wallahi har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ƙashin wuyan kafaɗa ya karye. Ni na sauko da shi cikin ruwan sama, a giya ta ɗaya ta 4L, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali, duk dutsen da taya ta taka sai ya cije leɓe, ba mu shiga asibiti a Jos ba sai bayan isha'i. Washegari na je na durƙusa gaban Yaya na faɗa mata gaskiya ban rage komai ba, ta daɗe ba ta ce uffan ba sannan ta ce Allah ya kiyaye gaba. Na fi son da ta zage ni.

Ranar Litinin aka saka sanarwa a zauren WhatsApp na tawagar cewa an samu ɗan hatsari sakamakon kuskuren bakanike, kuma an ja masa kunne. Mutum sama da goma suna tsaye a wurin sun ji abin da aka faɗa da kunnensu, ba wanda ya buɗe baki, biyu ne suka kira ni a ɓoye suka ce in yi haƙuri, ka san halin Oga. Kuɗin gilashin baƙo kuma a albashina aka cire, wata uku. Laifina na ɗauka, ban taɓa musu ba. Amma wanda ya ba da umarnin ko sau ɗaya bai taka ya duba yaron ba, wannan kam ban manta ba kuma ba na jin zan manta.

Na ƙara shekara ɗaya ne don kada a ce na gudu da abin kunya. A cikinta duk motar da ta zo fita da ƙwallon tirela sai na kwance shi tun a gidan mai kafin mu tashi, mai motar ya so ko ya ƙi, kuma wanda zai ja mota sai kowa ya matsa nesa fiye da tsawon igiyar. An yi min tsaki ba adadi. Ba a sake kwasar kowa zuwa asibiti ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne, sababbi su riƙe. A rage iskar taya zuwa wajen psi 20 a ma'aunin iska kafin a hau dutse, a mayar kafin a hau kwalta. Mai nuna hanya mutum ɗaya ne, in biyar suna ihu direba ba ya jin kowa. Kada babban yatsa ya shiga cikin sitiyari, dutse na iya fizge shi. Gangara da giya ake yi, ƙafa ta bar kuloci. Kuma ƙaton taya da fitilu ba sa koya wa mutum tuƙi, na ga tsohuwar Land Cruiser 80 mai injin 1HZ ta wuce inda sabuwar mota fil ta kwana.

Yaron ya warke, ya dawo gareji, sai dai hannun ba ya ɗaguwa sama sosai, in za a sauke giyabos ni nake shiga ƙarƙashi. Wanda zai gaje ni, shakul guda huɗu da ƙarfen ɗaura igiya suna cikin akwatin bayan kujerar direba, na raba wa motar gaba da ta tsakiya nasu tun bara, ka duba suna nan kafin kowace fita.