Aikin Gwanja ya kai shafi na 31

Shagona ɗaki ɗaya ne a Fagge. Kwamfuta biyu ce a ciki, da firinta ɗaya, da teburin zane da kafinta ya haɗa mini da ragowar katakon wani allon sanarwa. Mu uku ne, ni da yara biyu. Abin da ke ciyar da mu shi ne katin ɗaurin aure, da bana, da tambarin 'yan kasuwa, da takardar da ake liƙa wa robar zoɓo da kunun aya da yaji, sai bangon littafi idan marubuta sun kawo. Duk wanda ya leƙo da rana abin da zai tarar ke nan. Amma a durowar ƙasa akwai wani aiki da ba wanda ya sa ni, ba wanda ya ba ni kafin alƙalami a kansa, kuma shi ne nake kwana da shi nake tashi da shi.

Labari ne cikin zane, irin wanda ake raba shafi gida-gida, maganar mutane tana cikin 'yar kumfa a bisa kansu. Har yau ban raɗa masa suna ba. Yaran shago ne suka fara ce masa "aikin Gwanja", sunan ya bi shi. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 13 da ya bi ayarin fatake daga Kano zuwa Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja a arewacin Ghana ta yau, sayen goro, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, kafin Turawan Ingila su ci Kumasi a 1874 har cinikin ya fara sauya hanya. Shafi 48 na tsara masa. Jiya na gama tawadar shafi na 31.

Shekara biyun farko shafi 9 kacal na yi. Ba don ƙwiya ba, shago ne ya cinye lokacin. Mai sana'ar hannu ya san wannan: aikin wanda ya biya shi ne a gaba, naka kuwa kullum "gobe". Lokacin zaɓen 2023 wata uku ban buɗe durowar nan ba, fasta muke yi dare da rana, ga ƙarancin takardun naira da ya sa mutum zai karɓi aiki ya ce ya tura kuɗi, a wuni ana jiran su shigo. Da ƙura ta lafa na ɗauko shafukan, sai na ga hannuna ma ya canja, fuskar yaron a shafi na 9 ba ita ce ta shafi na 2 ba. Ranar na ji ciwo ƙwarai. Sai na ɗauki littafin da muke rubuta ayyukan mutane, na buɗe masa layinsa kamar kowane kwastoma: Litinin, Laraba da Asabar, daga bayan sallar Asuba zuwa ƙarfe takwas. Na gaya wa yaran ko wa ya zo a wannan lokaci su ce ya dawo. Daga nan ne shafuka suka fara taruwa.

Kowane shafi yana bi ta hannu sau huɗu. Ina fara rubuta abin da zai faru a littafin 'yan makaranta. Sai in yi ƙananan zane, kowanne bai fi akwatin ashana ba, don in ga inda ido zai fara sauka da inda zai ƙare. Idan wannan ya zauna, in koma babbar takarda A3 da fensir, sannan in bi da tawada. Daga ƙarshe in sa a sikana, in gyara a manhajar zane ta Krita, wadda kyauta ce, in sa inuwa da rubutu. Da hunturu tawada tana bushewa a bakin alƙalami kafin ka kai ƙarshen layi, ƙura kuma tana kwanciya a takarda, dole in riƙa rufe shafi da tsohon kalanda ko da fita alwala zan yi.

Mutane suna tambaya me ya sa baƙi da fari, alhali kala muke yi wa kowa. Amsar tana wajen masu injin. Aikin kala faranti huɗu yake ci, na shuɗi da na ja da na rawaya da na baƙi, baƙi da fari kuwa faranti ɗaya. Takardar ma yawancinta daga waje take zuwa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin rim ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Ina so ɗan sakandare ya iya sayen littafin da kuɗin tararsa na 'yan kwanaki, don haka bango kaɗai zai sha kala. Shafi 48 ɗin ma lissafi ne. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya dole yawan shafinsa ya rabu huɗu-huɗu, kuma 48 yana shiga injin da ke buga shafi 16 a tashi ɗaya sau uku ba tare da asarar takarda ba. Wannan ilimi a shago na same shi, wajen buga wa mutane ajandar biki da kalandar makaranta.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne gano yadda abubuwa suke a wancan zamani. Ba rufin kwano, ba keke, ba butar roba, ba shayi a bakin hanya. Ƙofofin gari da muke gani yanzu an sake gina yawancinsu da siminti, don haka sai da na yi ta zarya Gidan Makama ina kallon tsofaffin hotuna kafin in zana ayarin yana fita ta Ƙofar Kabuga. Na zauna a marinar Ƙofar Mata ina zana hannun masu rini, saboda baƙin yadi yana cikin kayan da fatake ke tafiya da su, tare da kanwa da jar fata da busasshiyar albasa. Na koyi bambanta madugu da jagaba da uban dawaki, kowa da aikinsa a ayari, kuma na ba kowannensu siffar da za a gane shi daga nesa ko da ya juya baya: madugu da faffaɗar malafa, jagaba siriri mai dogon sanda.

Sai maganar jakuna. Na zana su da kyau a ganina, har na kai shafukan wajen wani dattijo mai sayar da goro a kasuwar Mariri, wanda kakansa bafatake ne. Ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan jakin naka ko Gwarzo ba zai kai ba, balle Gwanja." Na ce, "Baba, me kuka gani?" Ya sa yatsa a gadon bayan jakin. Ba akumari, kayan a kan fata suke kai tsaye, kuma na tura su baya sun hau ƙugu. Ya ce kwana biyu za a yi bayan ya ɗaye. Ya karɓi fensirina ya nuna mini inda waga take zama, ɗaya nan ɗaya nan, nauyi daidai, da inda igiya take bi. Shafi shida na sake saboda wannan magana, kuma ban yi da-na-sani ba.

A wannan zaman ne ya ba ni abin da ya zama shafin da na fi so, ko da yake ban kai gare shi da tawada ba tukuna. Ya ce goro ba kaya ba ne da za ka ɗaure ka manta. A hanyar dawowa sai an riƙa sauke shi ana kwancewa, a tsince wanda sankara ta kama kada ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a mayar a ɗaure. Wata da watanni ana haka. Yana magana hannunsa yana cikin huhu yana juya goro, yana ware fari da ja ba tare da ya kalla ba. Na zana hannun nan a wurin, da jijiyoyinsa da jan da goro ya bar masa a farce. Shafin ba zai ɗauki magana ko ɗaya ba, hannuwa ne kawai da ganye da hasken wutar zango.

Rubutu kuma wata wahala ce ta daban, wadda mai zane da Turanci bai san da ita ba. Kusan duk haruffan kwamfuta da aka yi don irin wannan littafi ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta "baƙi sun iso", sai kwamfuta ta aro ƙ daga wani salon rubutu ta dasa a tsakiya kamar haƙorin Makka, ko ta bar maka ɗan akwati fanko. Idan ka haƙura ka cire lanƙwasar, baƙi sun koma baki, ƙasa ta koma kasa. Ban yarda yaro ya koyi karatun Hausa a littafina da wannan aibi ba. Na zauna na rubuta kowane harafi da hannuna, babba da ƙarami, na ɗauke su a sikana, na haɗa su a FontForge, manhajar ƙera haruffan kwamfuta. Na sa har da ƴ mai lanƙwasa, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y, don ina fatan littafin ya kai Maraɗi da Damagaram. Wata biyu aikin ya ci, ina gyara tazarar da ke tsakanin harafi da harafi.

Yanzu haruffan nan sun shiga aikin shago. Da su muka yi allon koyon baƙaƙe na wata makarantar yara, kowane harafi da hotonsa, ɓ da ɓera, ɗ da ɗan tsako, ƙ da ƙwarya. Da su nake rubuta sunan littafi a bangon da marubuta ke kawowa. Sai dai na koyi darasi: kafin fayil ya bar shago, sai an mayar da rubutun ya zama zane a manhajar CorelDRAW. Sau ɗaya muka manta, kwamfutar wajen bugu ba ta da haruffanmu, bana mai tsawon ƙafa goma ta fito duk lanƙwasar ta zube. Daga aljihuna na sake bugawa.

Inda Hausa ta fi ba ni daɗi shi ne wajen sauti. Ba na buƙatar aron komai. A shafi na 22, wajen fito a kogin Kwara, jaki ya zame daga jirgi, na rubuta TSUNDUM da manyan haruffa suna nutsewa cikin ruwan, rabin M ɗin ya ɓace. Kaya ya faɗi, tim. Mari, fau. Daren da 'yan fashi suka kewaye zango a ƙasar Bargu, gida guda na bari baƙi ƙirin, da 'yar kalma ɗaya a kusurwa: tsit. Ƙaramin yaron shagona da ya karanta wurin sai na ga ya rage murya shi ma.

Akwai masu ƙyamar zanen abu mai rai, kuma ina girmama su. Kwastoman da ya ce kada a sa fuska a aikinsa, ba na sawa, ba na kuma ja da shi. Wani kawuna ya taɓa kirana gefe a kan wannan littafi. Na ce, "Kawu, ku duba ku gani tukuna." Ya karanta har inda na tsaya a lokacin, ya miƙo mini, ya ce in tabbata ba a sa abin da zai ɓata tarbiyya ba. Na riƙe wannan.

Abin da ke gabana yanzu shi ne mafi nauyi. A shafi na 32 ayari zai shiga Salaga, garin da ake wa kirari da rijiya dubu. Goron ba a can yake tsira ba, daga dazukan Asante ake kawo shi, Salaga mahaɗa ce. Kuma ba goro kaɗai ake ciniki a kasuwarta ba, ana sayar da mutane. Fataken da nake zanawa da ƙauna, waɗanda na sa wa fuskokin dattawan unguwarmu, cikinsu akwai masu saye, kuma cikin masu ɗaukar kayan ayarin akwai bayi. Wani abokina ya ce in tsallake wurin, labarin yara ne. Na yi makonni ina juya maganar. Ba zan tsallake ba. Idan na zana akumari daidai na ɓoye wannan, ƙarya na yi. Abin da na yanke shi ne mai karatu zai ga wurin daga tsayin yaron, ta tsakanin ƙafafun manya: igiya, da ƙafar wata yarinya sa'arsa, da idonta sau ɗaya. Na yi ƙananan zanen shafin sau bakwai, har yanzu gida na uku bai zauna ba.

Babban yaron shagona ya fara taya ni da bayan fage, itatuwa da bukkoki da taron kasuwa, kuma hannunsa a kan kuka da giginya ya fi nawa. Na ce masa sunansa zai fito a bango. Akwai wasu ayyukan da ke jira, littafin shafa kala na yara a kan sana'o'in gargajiya, da 'yan hotunan karin magana na WhatsApp da muka fara muka ajiye, amma na hana kaina taɓa su sai Gwanja ta dawo gida.

Saura shafi 17. Idan Allah ya ba da lafiya, wuta kuma ta bar batirin sola ya cika, ina sa ran gama tawada kafin damina ta tsaya, sannan in buga gwaji guda 20 a firintar shago in raba wa malaman Hausa biyu, da dattijon Mariri, da yaran unguwa, in ji inda suka tsaya da inda suka yi saurin juya shafi. Gobe Laraba. Katin wata Hajiya guda 500 yana jiran yanka, ta ce da ƙarfe tara za ta aiko direba. Na riga na feƙe fensir na ajiye a kan shafi na 32.