Kafin mu kama sifana, sai mun buga waya

Ƙaramin gareji gare ni, rami biyu da yara huɗu. A cikin motocin da ake kawo mana akwai waɗanda ba ma taɓa ko noti ɗaya a jikinsu sai na ɗaga waya na nemi izini. Su ne masu takardar ƙarin garanti, wadda mutum ke saya idan garantin kamfanin da ya ƙera motar ya ƙare.

Shi garantin kamfani da shekaru da nisan tafiya ake auna shi, duk wanda ya riga cika shi ke nan. Toyota a ƙasashe da dama shekara 3 ko kilomita 100,000 take bayarwa, Kia kuma a Turai shekara 7 ko kilomita 150,000. Abin da ake sayarwa bayan nan, suna ne kawai ya ara. Yarjejeniyar gyara ce, kuma sau da yawa wani kamfani ne daban ke riƙe da ita, wanda bai taɓa ƙera ko ƙusa ba.

An taɓa janyo mana wata mota da tiyon lagireto ya fashe mata a kan babbar hanya. Mai ita ya ga allurar zafi ta haura ja, amma ya lallaɓa don ya kai inda zai tsaya. Kafin ya kai, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Na kira masu takardar, suka ce kada a buɗe sai mai motar ya amince shi zai biya kuɗin kwancewa idan ba su karɓa ba. Muka buɗe. Kwana uku injin na shimfiɗe a kan tebur, ramina ɗaya a toshe, kafin mai dubawarsu ya zo ya ɗauki hotuna. Amsa ta dawo: ba za su biya ba.

"Oga, ai an ce min injin yana ciki," in ji shi, yana kaɗa takardar.

Na ce, "Yana ciki, Malam. Amma duba nan." Tiyo ba ya cikin jerin kayan da suka ɗauka, kuma ɓarnar da zafi ya jawo bayan an ci gaba da tuƙi, sun cire ta da ƙananan baƙaƙe a shafin baya. Ban ce sun kyauta ba, sai dai ba su ɓoye ba.

Wata baiwar Allah kuwa giyar motarta ce ta fara fizga. Da aka nemi shaidar sabis, sai ta zaro ambulan daga aljihun gaban mota, rasit ɗin kowane juyen baƙin mai na ciki, da kwanan wata da lambar kilomita. Suka biya ba gardama, ko da yake giyar da aka sake haɗawa suka yarda a saka, ba sabuwa fil ba, ita kuma ta biya ɗan kason kuɗin gyara da takardar ta ɗora wa mai mota.

Takardun nan iri biyu ne. Akwai mai lissafa abin da za ta gyara, duk abin da ba a ambata ba naka ne. Akwai mai lissafa abin da ba ruwanta da shi, sauran duka nata. Ta biyun ta fi tsada, ita nake ce wa mutane su duba. Birki, kuloci, batir da taya kam, kusan babu mai ɗaukarsu. A tambaya kuma ko kason mai mota a kowace zuwa gareji ake biya ko a kan kowane gyara, da iyakar abin da suke biya na aikin hannu, don ragowar kan mai mota take komawa, ni kuma nake shan kallon banza. Da yawan takardun nan kuma ba sa fara aiki sai bayan kwana 30 da tafiyar mil 1,000.

A ganina, mota mai sauƙin inji da arhar kaya, gara mutum ya riƙa ware kuɗin a gefe. A mota mai turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, da tarin na'urorin lantarki ne takardar ke iya fansar kuɗinta da lalacewa ɗaya.

Wanda garantinsa na asali ya kusa cika, ina ce masa ya kawo mu ɗaga motar tun da saura. Kwanan baya muka ga mai yana tsattsafowa tsakanin inji da giya a wata mota da saura mako uku garantinta ya cika. Na hana yara taɓa ta, na ce wa mai ita ya wuce a ranar wurin dilan da ya sayar masa da ita.